Casa'in da Huɗu ga Kowane Yaro

Litinin, 6 ga Yuli 1998, bayan azahar

Bari in fara da abin da ba mai iya musawa. Na bar koleji a shekara ta uku, ranar da aka binne mahaifina, don gero ba ya nome kansa. Ba ni da burebe, takardar gama kolejin. Gyaran rediyo a Jibiya na koye shi, da ido kawai, mai shagon bai taɓa buɗa baki ya nuna mini ko waya ɗaya ba. Rabin injinan buga takarda na burorin Maraɗi, wato ofisoshi, sun bi ta hannuna. Littafin da na koyi rubuta furogaram da shi, wajen mai ƙosai na ceto shi, ta riga ta naɗe shafi arba'in na farko. Ordinatar da ke ɗakina, kwamfuta ce samfurin 486, ni na haɗa ta gunduwa-gunduwa daga Kano. Ba wanda ya riƙe mini ko sukuru. Duk Madarumfa, har ka dangana da iyaka, in akwai wani mai yi wa na'ura magana ta ji, a kawo shi in gan shi.

Furogaram ɗin furojen nan, wato shirin awon yara, ma nawa ne. Ma'aikata kan shiga ƙauyuka da sikeli da allon tsawo, su auna yara, su kawo takardu. Hadiza, sakatariyar buro, ta buga nauyi da tsawo. Na'ura ta raba, ta fitar da sunayen yaran da suka faɗi ƙasa da kashi tamanin cikin ɗari na nauyin da ya dace da tsawonsu, a kira uwayensu su karɓi garin kunu da mai. Da can kwana bakwai ake wannan lissafi da hannu. Nawa kafin shayi ya huce ya gama.

Yau Mushe Maman, shugaban furojen, ya tara mu saboda maganar ƙauyen Safo. Tun watan Mayu jerin sunaye yake fitowa gajere, muna murna, muna cewa bana yunwa ta yi sauƙi. Sai ga mai garin ya aiko, wai yara na ta mutuwa. Ba zan rubuta adadin da ya faɗa ba.

Mushe Maman ya ce, "Ko ba a buga takardun ba, ko an buga su ba daidai ba." Bai dubi kowa ba, amma kowa ya dubi Hadiza. Rapor, wato rahoto, zai tafi Yamai ƙarshen wata, kuma ya ce ba zai tafi babu suna a ciki ba.

Talata, 7 ga Yuli, hantsi

An yi ruwa. Ba ni na auna su ba, ba ni na buga ba.

Alhamis, 9 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na ari takardun Safo ashirin na buga su a tawa na'urar. Lissafi ya fito ras, ɗaya bayan ɗaya: 71, 88, 66, 79. Na duba da biro da takarda, ba kuskure ko na ɗigo. Alhamdu lillahi. Furogaram ɗina ƙalau yake.

Abu ɗaya kawai, in ba don gaskiya ba da ban rubuta shi ba. Farkon Yuni Hadiza ta zo har shagona da rana tsaka, da takarda a hannu.

"Malam Injiniya, jerin nan bai kwanta mini ba. Sai masu kumburin ƙafa kaɗai ke fitowa, waɗanda na sa ma alama da hannuna. Ina ramammun?"

Na ce, "Ke da na'ura wa ya fi iya rabawa?"

"Ban ce na fi ta ba. Amma ni na ga takardar yarinyar, shekara biyu, kilo shida."

"Hadiza, na'ura ba ta ƙarya. Yatsa ke ƙarya. Ki yanke wannan farcen naki ki gani."

Masu zaman shagon suka yi dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, ta naɗe takardarta ta tafi.

Wasa na yi mata. Kowa ya san wasa ne.

Juma'a, 10 ga Yuli, bayan saukowa daga masallaci

Akwai wata mace da ke zama gindin itacen bedin ƙofar buro tun Laraba. Jummai sunanta, daga Safo, amalanken jaki ke kawo ta ya mai da ta. Ba ta kuka, ba ta zagin kowa. Da na zo wucewa ta miƙe.

"Kai ne mai injin?"

Na ce ni ne.

"An auna ɗiyata Sakina, an rataya ta cikin wandon nan na sikeli, an rubuta. An ce in injin ya kira suna za a aiko. Na jira. So nike a nuna mani takardar da sunanta ya tsaya, in san inda ya maƙale."

Na ce ta tambayi masu buro. Ban tambaye ta ina yarinyar take ba. Zanen goyon na ɗaure a ƙugunta, ba kowa a ciki.

Litinin, 13 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya

Don in rufe bakin kowa na je buro da takardun nan ashirin, in buga su a tasu na'urar. Hadiza ta tashi ta ba ni kujera, ta fita. Akwai maɓallin da ni kaɗai na sani, mai nuna lambar da ke ɓoye bayan kowane suna. Na danna.

94.

Yaro na biyu, 94. Na uku, 94. Na buga kilo shida, 94. Na buga kilo ɗaya, na buga kilo ɗari.

Na kashe na'urar. Na gaishe da mai gadi. Na taho gida a ƙasa, sai da na iso na tuna a kan moto na je, na baro babur ɗin can.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Na koma da sukudireba na ce zan share ƙura. Na buɗe cikin na'urar. Tsohuwar 386 ce da aka ba furojen kyauta. Kusa da ƙwaƙwalwarta akwai gurbi mai kusurwa huɗu, inda ake dasa ƙaramin guntun da ke lissafin ɓangarori, rabi da kwata da abin da ke bayan waƙafi. Gurbin wayam. Ba a taɓa dasa komi a ciki ba, har gizo-gizo ya yi saƙa.

Bari in rubuta shi dalla-dalla. Abin da mutum ya rubuta, na'ura ba ta jin shi kai tsaye. Sai kompilatar ya juya shi zuwa harshenta, kamar tafinta. Kuma kafin ya juya yakan tambaya: wace irin na'ura za ta karanta? A wajen lissafin ɓangarori zaɓi biyu ne a gabana. Na farko, ya yi lissafin da dogon hannu, yadda kowace na'ura za ta iya, mai guntun da marar shi, sai dai da ɗan nawa. Na biyu, ya miƙa lissafin kai tsaye ga guntun, ya fito kamar walƙiya. Tawa 486 da guntun aka haife ta, a cikin ƙwaƙwalwarta yake.

Na biyu na zaɓa. Na tuna ranar. Washegari Mushe Maman zai zo shagona da baƙi daga Yamai su ga gwaji, na so sunaye su zubo kafin su ƙifta ido. Sun zubo kuwa. Wani cikinsu ya tambayi a wace jami'a na yi karatu, na ce jami'ar gindin bedi, aka yi ta dariya. Daga nan na kwafe shi a disket, na kai buro, na zuba, na ga ya buɗe, na ga ya karɓi suna. Ban tsaya na ga ya raba ba.

To a can sai furogaram ya yi sallama a ƙofar gidan da ba kowa. Ya miƙa lissafi, ba mai karɓa, ba mai amsawa. Da ma tsayawa na'urar ta yi cik, kamar yadda littafi ya ce wasu kan yi, da tun ranar farko an kira ni. Wannan ba ta tsaya ba. Ta wuce abinta, ta ɗauki lambar da ta tarar a ajiye ta ba kowa.

Na san inda 94 ta fito. Ba yau zan rubuta ba.

Talata, 14 ga Yuli, da safe

Lokacin da nake rubuta furogaram ɗin ina bukatar yaron gwaji. Na ɗauki Nafisa, 'yata, na auna ta da sikelin mai kifi, na jingina ta da bango na ja layi. Casa'in da huɗu. Na sa lambar a matsayin ta farawa, na ce in na gama zan goge.

Yanzu tana tsakar gida tana shan fura, tana zubar da rabi a ƙirji. Uwarta Balaraba ta ce, "Malam, dubi 'yarka, kumatu kamar an hura." Na tashi na shiga shago.

Wata biyu da rabi duk yaron da aka auna daga Safo har garin Sarkin Yamma, Nafisa ce.

Laraba, 15 ga Yuli, azahar

Layi ɗaya ne tsakanin zaɓin biyu. A kai kibiya ƙasa sau ɗaya, a danna. Ko ɗan da bai san baƙi ba zai iya.

Alhamis, 16 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Na gyara. Na koma zaɓin farko, na goge lambar, na sake juya shi. Minti uku. Na jira lokacin da kowa ya tafi cin abinci, na ce wa mai gadi na manta sukudirebata. Na zuba sabon a kan tsohon. Na gwada: 71, 88, 66.

Yaran da suka rage za a kira su. Wannan shi ne muhimmi, kuma ni na yi shi, ba wanda ya sa ni. Wa zai amfana in na tsaya gaban mutane ina tone-tone? Likita in ya gano cuta magani yake bayarwa, ba ya yin shela a kasuwa.

Tsohon disket ɗin yana aljihuna. Na yi niyyar jefa shi tafki, na fasa saboda zafin rana.

Juma'a, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Ban yi tunanin wannan ba. Wallahi ban yi ba.

Mushe Maman ya ce yau da hannunsa zai buga takardun Safo, a gaban kowa, a ga ko na'ura ce ko mutum. Ya zauna yana tsintar baƙaƙe da yatsa ɗaya kamar kaza. Injin bugawa ya fara kuka, bai tsaya ba sai da ya ci shafi biyu. Suna sittin da ɗaya.

Ya ɗaga takardar. "Na'ura ɗaya, furogaram ɗaya, takardu ɗaya. Mi ya canza, Hadiza? Hannu kaɗai."

Ta ce, "Mushe, na rantse da Allah na buga su yadda suke."

"To aljanu suka cinye sunayen?"

Sai ta juyo ta dube ni. Ba kallon tuhuma ba, da shi ne da na iya ɗauka. Kallon neman ceto ne, irin na wanda ya ga malaminsa a cikin taro. Na duƙa ina gyara wayar injin bugawa, wadda ba abin da ya same ta.

An ce ta zauna gida har rapor ya dawo. Da za ta fita ta ajiye makullin durowa a kan tebur. Na ga hannunta. Ta yanke farcen, har ya shiga nama.

Mushe Maman ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, aikinka ya wanke kansa."

Asabar, 18 ga Yuli, hantsi

An kira sittin da ɗaya. Ba duka suka zo ba.

Lahadi, 19 ga Yuli, bayan azahar

Na je bakin tafki in sha iska. Ruwa ya ƙaru, ya ci gonakin gefen. Masunta na auna kifi, ƙugiyar sikelin tana wannan ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, in an rataya kaya. Ban taɓa zuwa awon yara ba ko sau ɗaya, amma na san haka take yi. Yanzu ina jin ta a shago, in fanka ta juya. Ina jin ta a guga in Balaraba na jan ruwa.

Wata mota ta wuce zuwa iyaka, lambarta ta ƙare da 94. Na san ba komi ba ne. Mota ce.

Disket ɗin yana aljihuna har yanzu. Na fito da shi, na mai da.

Talata, 21 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Balaraba ta tsare ni a zaure.

"Kwana takwas ke nan ba ka ɗauki yarinyar nan ba. Ta zo da gudu ka kauce kamar ka ga kunama. Mi ta yi maka?"

Na ce aiki ne ya yi mini yawa.

"Aiki? Kai da ko sallar idi sai an ɓamɓare ka daga injin, yanzu ka lulluɓe shi da zanena kamar gawa. Kuma ka ji abin da ake cewa a rijiya? Wai Hadiza ce ta kashe 'ya'yan Safo, tana gyaran farce. Wai kai ma ka taɓa yi mata faɗa a kai. Dangin wanda zai aure ta sun aiko a dakata."

Na ce mutane ba sa rasa abin faɗa.

"Ni dai na san yarinyar nan tun tana talla. Ba ta da ganganci." Ta tsaya tana dubana. "Kai ka san injin. Ba ka da abin cewa?"

Na ce ruwan alwalata ya huce.

Laraba, 22 ga Yuli, la'asar

Jummai ba ta zo gindin bedi ba yau. Wurin da take zama ya yi santsi, ƙasar ta kwanta. Na zagaya ta bayan buro duk da haka.

Sakina tana cikin sittin da ɗayan. Lamba ta goma sha bakwai. 64.

Alhamis, 23 ga Yuli, ƙarfe goma sha biyu

Tunda ba sakatariya, Mushe Maman ya kawo mini rapor ɗin da ya rubuta da biro, in buga masa a na'ura. "Kai kaɗai na yarda da hannunka," in ji shi.

Shafi uku. Na buga na farko, na buga na biyu. A na uku akwai wurin da ya yaba furogaram ɗin, ya ce aikin ɗan ƙasa ne kuma ya dace a kai shi sauran sassa. Ƙasa da shi da layi huɗu: sakacin ma'aikaciya mai shigar da bayanai, sai sunanta da na mahaifinta.

Na buga H. Na buga a. Ɗan layin nan da ke ƙiftawa a allo ya tsaya yana jirana.

Na ce masa kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Kuran bai ɗauke ba, fanka na juyawa a kansa lokacin da nake faɗa. Ya dubi fankar, ya dube ni, ya ce to Litinin.

Juma'a, 24 ga Yuli, bayan masallaci

Na yi sahu ɗaya da mahaifin Hadiza. Tsoho ne, mai gyaran komar kamun kifi. Bayan sallama ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, ɗiyata ta ɓata maka aiki."

Asabar, 25 ga Yuli

Ban ci ba.

Lahadi, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Shekara goma sha tara ina gina abu ɗaya. In na buɗa baki gobe, ba buro ɗaya a Maraɗi da zai sake ba ni ko fyus in canza. Masu digiri za su ce da ma mun faɗa, mai gyaran rediyo ne. Wannan ya fi komi ci mini rai, kuma na san abin kunya ne a ce shi ya fi ci mini rai.

Na ɗauki Nafisa yau. Nauyi gare ta.

Litinin, 27 ga Yuli, bayan azahar

Na aika Balaraba ta taho da Hadiza. Na sami Mushe Maman a buro, na ajiye disket biyu a gabansa. Na zuba tsohon, na ce ya buga kilo shida. Na danna maɓallina. Na ce ya buga kilo ɗari. Na buɗe na'urar na nuna masa gurbin da yatsa. Na faɗi ranar da na zaɓa, da dalilin da ya sa, da ranar da na shigo na canza a ɓoye. Ban zauna ba har na gama.

Hadiza ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na zo har shagonka."

Na ce kin zo.

"Da takarda a hannuna."

Na ce da takarda.

Ta ɗauki makullinta daga inda ta ajiye shi, ta buɗe durowa, ta fito da takardun Sarkin Yamma ta fara jerawa.

Mushe Maman ya daɗe yana murza goshi. Sannan ya rufe ƙofa ya rage murya. "To. Allah ya rufa asiri. Za mu cire sunan Hadiza, mu sa matsalar na'ura. Tsohuwa ce, kyauta aka ba mu, ba wanda zai yi mamaki. Ba sai an ambaci kowa ba. Kai ma ka tsira, Injiniya."

Na ce a'a.

"Kai, mutumin nan! Ana fitar da kai daga rijiya kana riƙe gefe?"

Na ce na'urar ba ta yi laifi ba, abin da na umarce ta shi ta yi. In aka rubuta matsalar na'ura, a rijiya za su ci gaba da cewa Hadiza ce aka rufa wa asiri. Kuma gobe wani zai ɗauki furogaram daga sabuwar na'ura ya kai tsohuwa bai tambayi abin da ke cikinta ba. Kuma akwai mace a Safo da ta tambaye ni inda sunan 'yarta ya maƙale. Ba zan je in ce mata ƙarfe ba ne.

Ya ce in je in yi tunani zuwa gobe. Na yi tunanin, kwana goma sha huɗu ina yin sa.

Ga abin da nake so a shafi na uku, kuma ba zan buga rapor ɗin ba sai da shi, ba kuma zan bari wani ya buga ba. Ni na rubuta furogaram ɗin, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Ni na zaɓi layin, ni kaɗai. An faɗa mini ban ji ba. Na gano na ɓoye. Kada a sa "wani ma'aikaci", kada a sa "mai fasahar furoje", kada a sa Injiniya, don ba ni da takardarsa. A rubuta shi cikakke, da manyan baƙaƙe, a karanta shi a Yamai, a karanta shi a ƙofar mai garin Safo: Shu'aibu Ɗan Baba, mai gyaran rediyo, Madarumfa.